Shafin Shawarwari: Maigida yana fizge na'urar numfashi cikin dare

Assalamu alaikum Anti,

Maigidana ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekararsa 52. Munsharinsa yana da ƙarfi, kuma numfashinsa kan tsaya cikin barci har ya zabura kamar wanda aka shaƙe. Da rana sai gyangyaɗi, har a shago. An yi masa gwajin barci, likita ya ce numfashin yana yankewa sau 38 a awa ɗaya, ya rubuta masa na'urar CPAP, mai tura iska lokacin barci, da takunkumi mai rufe hanci kaɗai. Mun saye ta da tsada, amma kafin tsakar dare ya fizge takunkumin. Yana kukan bakinsa na bushewa ƙamas, iska na hura masa ido, hanci kuma ya toshe tun da hunturu ya kama. In aka ɗauke wuta shi ke nan. Bayan asuba in ya koma barci ba ya sakawa. Yanzu maganar sayar da ita yake yi. Hankalina ya tashi, don yana da hawan jini kuma da kansa yake tuƙi. Yaya zan yi?

Uwargida daga Hotoro

Wa'alaikumus salam ƙanwata,

Kada a sayar da na'urar nan. A ma'aunin likitoci, yankewar numfashi sau 5 zuwa 14 a awa mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, daga 30 zuwa sama kuwa mai tsanani. Duk lokacin da maƙogwaro ya rufe, iskar oksijin na raguwa a jini, zuciya ta shiga wahala, hawan jini ya ƙi sauka ko da ana shan magani. Na'urar tana tura iska ne ta riƙe maƙogwaron a buɗe, kuma daren da aka ajiye ta cutar na nan yadda take. Kafin barcinsa ya daidaita, ya ba wani tuƙin.

Bushewar baki alama ce bakinsa na buɗewa in barci ya yi nauyi. Iskar da ta shiga ta hanci sai ta fice ta baki, ta busar da hancin ya kumbura ya toshe, toshewar kuma ta ƙara sa shi buɗe baki. Saboda haka daga hanci za a fara gyara. A zuba ruwa a ɗan tankin na'urar har layin da aka zana, a kunna hitar da ke ɗumama ruwan, a riƙa ƙara lambarta ɗaya bayan ɗaya. Ruwan da aka tace ta tururi, irin na kyamis, shi ya dace. In babu, a yi amfani da tafasasshen ruwa da ya huce, a zubar da ragowar kowace safiya, duk mako a jiƙa tankin da ruwan khal kashi ɗaya cikin ruwa kashi uku don cire farin dattin. Ruwan batir na kasuwa kada ya kusanci tankin, haka turare ko man zafi. Kafin ya kwanta ya fesa ruwan gishiri na hanci. Basilin kuwa yana lalata robar takunkumi, kuma bai dace a cusa shi cikin hanci ba. In bakin ya ci gaba da buɗewa, a nemi maɗaurin haɓa ko a koma takunkumi mai rufe hanci da baki.

Iskar da ke zuwa ido daga gefen takunkumi take zurarewa. Mutane da yawa sukan ƙara ɗaure shi tamau, robar ta lanƙwashe, zurarar ta ƙaru. Ya kwanta, a kunna na'urar, a ɗaga takunkumin kaɗan daga fuska a sake saukar da shi, sannan a ja maɗaurin daidai ta kowane gefe. Ya wanke fuska tukuna, domin maiƙo na sa robar zamewa. Ƙananan ramukan da iska ke fita a jikin takunkumin na fitar da gurɓataccen numfashi ne, kada a toshe su ko kusa.

Ƙurar hunturun Kano kuwa, ki riƙa duba matacin da ke bayan na'urar duk mako, da ya yi launin ƙasa a canja. Na'urar ta zauna a kan teburi, nesa da taga, kuma a bar kunna turaren wuta ko maganin sauro mai hayaƙi a ɗakin, don abin da ta zuƙa shi za ta tura masa cikin huhu.

Maganar wuta: in hita na kashe, yawancin na'urorin nan ba sa wuce wat 30 zuwa 60. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 tare da ƙaramar inbata zai kai shi asuba. Hita ce mai cin wuta, a daren batir a kashe ta a bar ruwan a tanki. Janareta kuma a waje, nesa da tagar ɗakin barci.

Barcin bayan asuba da na ƙailula duka ya yi su da na'ura. Barcin mafarki ya fi yawa a ƙarshen dare, kuma a cikinsa naman maƙogwaro ya fi saki. Don ya saba, ya riƙa saka takunkumin yana zaune da yamma na minti 20 zuwa 30, kuma a kunna tsarin da ke fara iska a hankali ya ƙaru bayan barci ya ɗauke shi. Mafi ƙarancin abin da likitoci ke nema shi ne awa 4 a dare, amma daren gaba ɗaya ake so.

Ƙarfin iskar a ma'aunin na'urar yana tsakanin 4 da 20, likita ne kaɗai zai taɓa shi. Ku koma wurinsa da na'urar da takunkumin, domin tana ajiye bayanin awannin da aka yi amfani da ita, yawan zurarar iska da sau nawa numfashi ya tsaya. Maganin barci kuma kada ya sha sai da izinin likitan. Allah ya ba shi lafiya.

Anti