Tsohuwar jita 'yar Italiya: in saya ko in haƙura?

Tambaya: Salam malam. Ni daga Zuru nake, ban daɗe da fara koyon jita ba. Wani mai kayan Kwatano ya nuna min wata tsohuwa, an rubuta Eko Ranger a jikinta, ciki kuma akwai takarda mai cewa a Italiya aka yi ta. Ya ce ba a samun irinta yanzu, kuɗin da ya sa mata ya kusa na sabuwar Yamaha F310. Tana da nauyi, fentin ya ɗan tsattsage, tsirkiya ɗaya ta tsinke. In saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Da farko dai ka ajiye maganar "ba a samun irinta" gefe, wannan bakin ɗan kasuwa ne. A Zuru kam ba a samunta, amma a Turai Ranger ba abin mamaki ba ce, kamfanin Eko da Oliviero Pigini ya kafa a 1959 ya buga su da yawan gaske a garin Recanati a shekarun 1960 da 1970, jitar masu ƙaramin ƙarfi ce da ɗalibai. To ka ga ba kayan tarihi za ka saya ba, abin kaɗawa ne, kuma da wannan idon za ka duba ta.

Nauyin da ka ji haka suke, katakon mai kauri ne kuma na filawud ne, shi ya sa muryarsu ba ta tashi sosai in ka haɗa da jitar zamani. Amma fa a ƙasarmu wannan ba aibi ba ne. Katakon jita yana son danshin iska kamar kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa da hunturu ya shigo Kebbi sai ya faɗo ƙasa da 20, jita mai tsada da aka yi fuskarta da falle ɗaya na katako ita ce ke fara darewa, filawud kuwa yana daurewa. Tsagewar fenti ma kada ta dame ka, tsofaffin Eko fentinsu mai kauri ne yana yin haka. Ka dai ɗan danna wurin da yatsa, in katakon bai motsa ba fenti ne kawai.

Inda maganar take shi ne wuya. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan jita da nauyin da ya kai wajen kilo 70, dare da rana, to ka lissafa shekara 50 ana wannan ja. A hankali wuyan ke sunkuyowa, fuskar ta kumbura bayan jaki, wato ɗan katakon da aka manna a fuskar inda tsirkiyoyin ke ɗaure, tsirkiya ta yi nisa da ƙarafan da ake dannawa, kai kuma sabon hannu yatsunka su yi ta ciwo har ka ɗauka kai ne ba ka iya ba, alhali jitar ce. Ga yadda za ka auna ba sai da ruwla ba. A ɗaure tsirkiyoyin daidai tukuna, kada ka yarda a nuna maka ita a sake, sai ka ƙirga zuwa ƙarfe na 12, ka zura katin ATM tsakaninsa da tsirkiya mafi kauri. Kati uku zuwa huɗu lafiya lau, wajen milimita 2.3 zuwa 3 ke nan. In biyar sun shige har da saura, akwai aiki.

A nan ne Ranger ta yi maka sa'a. Yawancin tsofaffin jitoci da gam aka manna musu wuya, in ya karkace sai gwani ya ɓamɓare ya sake zaunar da shi, kuma mai wannan aikin ba a kowane gari yake ba, sai ka ga kuɗin mota da na gyara sun fi kuɗin jitar. Ita kuwa juya bayanta za ka ga notuna ne suka riƙe wuyan, sai a kwance su, a sa ɗan siririn katako a ƙasa, a mayar, shi ke nan. Mai haƙuri da sukundireba zai iya. Sai dai ka sa a gwada dogon ƙarfen da ke cikin wuyan, wanda ake juyawa don miƙar da shi, a gabanka, a ɗan juya shi kaɗan a ga yana motsi, in ya ci tsatsa ya ƙi ko an cinye kansa, ni dai nan zan tsaya.

Sauran dubawar ba ta da yawa. Zura takarda ƙarƙashin jaki ta baya, in ta shige ya fara ɗagowa. Kunna tocilar waya ka leƙa ciki, ka ƙwanƙwasa fuskar a hankali, in ka ji karkarwa to wani katakon da ke tallafe da ita ta ciki ya saki. Garin katako mai laushi ko ƙananan huji kuwa ƙwaro ne, kada ma ka kai ta gida kusa da kujerunka. Ka tafi da sababbin tsirkiyoyi masu laushi a ɗaura, don jitar da aka gwada da tsirkiya biyar masu tsatsa ba a gwada ta ba, kuma ka ja wani da ya iya kaɗawa, cikin masu kiɗan coci a nan Zuru ba za ka rasa ba, ya bi ƙarafan ɗaya bayan ɗaya har ƙasa kai kana saurare daga nesa kaɗan.

Au, ka ƙirga makunnan ɗaure tsirkiya da ke kanta ma. Akwai Ranger mai tsirkiya 12, in ita ce a bar ta, ta yi wa mai koyo tauri.

Batun kuɗi, a ganina bai kamata ta kama ƙafar sabuwa ba. In ta tsallake gwajin wuya da na ciki, taya ta wajen rabin abin da ya faɗa, ka ce masa ai sai ka sayi tsirkiya ka biya gyara. In ya kafe, sayi Yamahar ka a shagon da ka yarda da shi don jabunta sun yi yawa a kasuwa. In kuma ya sallama, samo mata jaka mai kauri, da hunturu ka sa jiƙaƙƙen soso da aka matse cikin 'yar robar sabulu mai huji ka ajiye a jakar, kuma kada ka bar ta a but ɗin mota a zafin Maris da Afrilu, gam ɗin jaki saki yake yi.