Wata shida na'urar gano kutse ba ta yi ƙara ba: tsaro ne ko makanta?

Tambaya: Ina sayar da atamfa da shadda a kan sari a Kantin Kwari. Kwamfuta 12 gare ni tsakanin shago da sito, duk a haɗe da suwic guda, wato akwatin da ke haɗa kwamfutoci da kebul. Ɗan yayata da ya karanta kwamfuta ya sa mini na'urar gano kutse, wata shida ke nan ba ta taɓa yin ƙara ba. Yanzu ya ce in zuba jari mu riƙa sayar wa 'yan kasuwa irin wannan tsaron, wai riba ninki ce. Me ka gani?

Alhaji, ajiye maganar kamfanin nan tukuna. Wata shida ko tari ba ta yi ba, kai kuma ka ɗauki shirun a matsayin lafiya? Manhajojin gano kutse irin su Snort da Suricata, matsalarsu da kowa ya sani ita ce yawan ihu, har kan abin da bai kai ya kawo ba. Wadda ta yi gum haka, ina kyautata zaton ba ta ganin komai. Kuskurenka ɗaya ne: ba ka taɓa gwada ta ba, saboda wanda ya sa ta ɗanka ne, kana jin nauyin tambayarsa.

Tsohuwar na'urar haɗa kwamfutoci, wato hob, duk saƙon da ya shigo sai ta watsa shi ga kowace kafa da ake soka kebul. Suwic ba haka yake ba: yana riƙe da adireshin kowace kwamfuta, ya miƙa saƙo ga mai shi kaɗai. Idan yaron ya soka na'urar a kafa ta gama-gari, abin da za ta gani bai wuce nata saƙon da sanarwar da ake yi wa kowa ba. Ka ɗauki maigadi ne ka kulle shi a ɗakin da ba taga.

Gyaran biyu ne. Ko a umarci suwic ya riƙa kwafo zirga-zirgar wasu kafofi zuwa kafar na'urar, abin da Cisco ke kira SPAN, ko a sa ƙaramar na'urar tatsa, mai kwafo duk abin da ke wucewa, a kan kebul ɗin da ya taso daga rawuta, wato na'urar da ke shigo da intanet. Suwic mai arha, wanda ba a iya shiga a saita shi, ba ya kwafin nan sam. Mai yi kuwa, ƙarami, bai kai kuɗin wayar da ke aljihunka ba. Kada kuma a ce za a juye kwamfuta 12 cikin kafa ɗaya mai gudun gigabit 1 a daƙiƙa. Idan aiki ya yi yawa suwic zai zubar da rarar ba tare da ya gaya wa kowa ba. A fara da kebul ɗin intanet da na kwamfutar lissafi.

Ko an gyara, wa zai karanta? A 2013 an sace bayanan katunan kuɗi kusan miliyan 40 a kantunan Target na Amurka. Na'urarsu ta yi gargaɗi, ba a ɗauki mataki a kan lokaci ba. Na kuma taɓa duba wani ɗan kasuwa da ƙaninsa ke riƙe da duk kalmomin sirri. Ranar da suka ɓata, ko shiga suwic ɗinsa bai iya ba, sai da aka goge saitin aka sake daga farko.

Jarin kuwa, a'a. Mutumin da bai tabbatar da tsaron shagon kawunsa ba, shi zai tsare na jama'a? Ranar da aka kwashe asusun maƙwabcinka, ƙofarka za a zo, ba tasa ba.

Ka nemo masani wanda ba ku haɗa dangi ba, ka biya shi aikin yini guda. Ya zauna a kwamfutar sito ya lalubi kwamfutar lissafi da Nmap, manhajar da ke neman ƙofofin kwamfuta da ke buɗe, kana tsaye, yaron ma yana tsaye. In gargaɗi bai fito ba, a gyara a sake. Kafin ya tafi, a rubuta maka kalmomin sirri na suwic da rawuta ka sa a sef, sannan duk Juma'a yaron ya kawo maka rahoton mako a takarda.