Tambaya da Amsa: Me ya hana mawaƙan Hausa kyautar Grammy?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da rumfar cajin waya a wani ƙauye kusa da Ringim, inda matasa ke zuwa ina tura musu waƙoƙi. Gardama ta kaure tsakaninmu a kan bikin Grammy da ake yi duk shekara a Amurka. Su wa ke zaɓen gwanaye, kuma me ya sa ba mu taɓa jin an kira mawaƙin Hausa ba?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. An fara wannan biki a 1959, kuma ƙungiyar Recording Academy ce ke shirya shi. Ba jama'ar gari ke jefa ƙuri'a ba. Mambobin ƙungiyar ne, wato mawaƙa da makaɗa da marubuta waƙa da masu haɗa sauti, suke zaɓe har zagaye biyu, na farko don fitar da 'yan takara, na biyu don fitar da gwani.

'Yan Najeriya sun sha ɗauko kyautar. A 2021 Burna Boy ya ci kyautar kundin waƙoƙin duniya, a bikin da annobar korona ta sa aka yi ba tare da cincirindon 'yan kallo ba. Da aka shigo da rukunin waƙar Afirka a bikin 2024, Tyla ta Afirka ta Kudu ce ta fara lashe shi, sannan Tems ta Najeriya ta karɓa a 2025.

Wasu za su ce harshe ne ya hana mu, amma ni ban yarda ba. Ƙungiyar Tinariwen ta Buzayen Mali ta ci kyautar a 2012 da waƙoƙin Buzanci, kuma Bombino, mutumin Agadas a nan maƙwabciyarmu Nijar, ya shiga jerin 'yan takara a 2019. Waɗannan mutane ne da muke cin kasuwa ɗaya da su.

Inda gizo ke saƙar shi ne hanyar da waƙarmu ke bi ta isa ga masu sauraro. Sharaɗi ne a fitar da waƙa a kasuwa ta yadda za a same ta a Amurka cikin lokacin da aka ƙayyade, sannan wani mamba ko kamfani mai rajista ya gabatar da ita. Waƙar Hausa kuwa, komai daɗinta, yawanci daga situdiyo a Kano take wucewa zuwa gidan biki da rumfa irin taka, ta yaɗu daga waya zuwa waya har Hadeja da Maraɗi, ba tare da wani ya ƙirga masu sauraronta ko ya miƙa sunanta ba. Wannan yana yi mini ciwo, domin al'ummar da ta haifi Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, ba ta rasa gwanaye ba. Abin da mawaƙanmu suka rasa shi ne manajoji da kamfanonin rarraba waƙa waɗanda suka san ƙa'idojin shiga gasar, kuma za su bi takardun har ƙarshe.