Hukuncin rataya katakon sassaƙa mai siffar gumakan Hindu a bangon gida

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Na raka mahaifiyata jinya birnin Chennai na ƙasar Indiya, da Allah ya ba ta sauƙi za mu dawo sai na sayo allunan katako guda uku da aka sassaƙa domin ƙawata falona. Ɗaya yana da siffar mutum mai kan giwa, ɗaya mace ce mai hannu huɗu a zaune a kan furen bado, na ukun kuwa furanni ne da ɗawisu. Wallahi kyan aikin ne kawai ya ja ni. Yayan matata ya zo ya gani, ya ce gumaka ne, na yi ridda kuma aurena ya mutu. Mene ne hukuncin waɗannan alluna, da sallolin da muka yi a falon, da kuma aurena? Zan iya sayar da su in mayar da kuɗina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Allah ya ƙara wa mahaifiya lafiya, ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da ka yi da ita.

Ɗan'uwa, hukunci a kan abu yana biyo bayan sanin abin ne, don haka bari mu fara da abin da ka sayo. Siffar mai kan giwa ita ce mabiya addinin Hindu suke kira Ganesha, wanda a wajensu ɗa ne ga Shiva da Parvati, suna ƙudurta cewa shi ke kawar da cikas, shi ya sa suke fara sabon kasuwanci ko biki ko tafiya da kiran sunansa, kuma suke son kafa shi a bakin ƙofa. Macen da ke kan furen bado kuwa, bisa yadda ka siffanta ta, Lakshmi ce, matar Vishnu a wajensu, wadda suke roƙo arziki da yalwa, musamman a bikinsu na Diwali. Jihar Tamil Nadu, wadda Chennai ce hedikwatarta, ta yi suna da wannan sana'a, kuma masassaƙan garuruwa irin su Arumbavur sun gaji aikin ne daga sassaƙa manyan kekunan da ake ɗora gumaka a kai ana zagaya gari da su ranar biki. Saboda haka a wannan gaɓa yayan matarka ya yi gaskiya: alluna biyun farko siffofin abin bauta ne, ko da a kantin kayan ado aka sayar maka da su.

Rataya su a gida haramun ne, kuma haramcin ya zo ta ƙofa biyu, ɗaya ta fi ɗaya girma.

Ƙofar farko ita ce ta surar abu mai rai. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Ɗalha cewa Annabi (SAW) ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare ko sura a cikinsa, kuma Muslim ya ruwaito cewa Sayyidina Ali ya aiki Abul Hayyaj Al-Asadi da irin aiken da Annabi ya yi masa, wato kada ya bar wani mutum-mutumi face ya shafe shi. Malamai sun yi saɓani mai faɗi a kan zanen da ba shi da tudu, kamar na jikin tufa ko takarda. Malaman Malikiyya, waɗanda mafi yawanmu muka tashi a kan karatunsu, suna ganinsa makaruhi ne idan an girmama shi, alhali Imam Nawawi na Shafi'iyya bai bambanta tsakanin mai inuwa da marar inuwa ba. Amma surar da ke da jiki, wadda idan haske ya buge ta za ta yi inuwa, ta mutum ce ko ta dabba, gaɓoɓinta a cike, kuma da abu mai daɗewa aka yi ta kamar katako ko dutse, wannan Malikiyya da sauran mazhabobi sun haɗu a kan haramcinta, ba a toge komai ba sai 'yar tsanar yara mata saboda hadisin Nana A'isha. Wataƙila ɗalibin da ya karanta Risala ya ce ai Ibn Abi Zaid karhanci kawai ya ambata game da surori a jikin gadaje da bangaye da zobe. Haka ne, amma masu sharhi sun fassara wannan da abin da ba shi da inuwa, kuma Shehu Khalil ya lissafa surori a jikin bango cikin abubuwan ƙi da ke sauke wa mutum wajibcin amsa gayyatar walima. Allon sassaƙa irin naka, wanda hancin giwar da hannuwan suka fito waje har ana iya kama su da yatsa, yana cikin mai inuwa.

Ƙofa ta biyu ita ce ta fi nauyi, kuma ita ce mutane suka fi mantawa idan suna jayayya a kan hoto. Waɗannan siffofi ana yi musu sujada a yau ɗin nan, ana kunna musu fitila da turare, ana miƙa musu furanni da abinci. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Hajji, aya ta 30, a nisanci ƙazantar gumaka, kuma umarni da nisanta ya fi hani ga bauta kaɗai faɗi, domin wanda ya kafa abu a mafi darajar bangon ɗakinsa bai nisance shi ba. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi (SAW) ba ya barin wani abu mai siffar gicciye a gidansa face ya warware shi, alhali gicciye ba shi da rai ba shi da fuska, dalilin kawai shi ne alama ce ta bautar wanin Allah. Wannan ya nuna cewa da a ce Ganesha ɗin nan zane ne shafaffe a takarda, ko irin aikin birnin Mysore da ake dasa gutsattsarin katako masu launi a jikin allo ba tare da tudu ba, da sauƙin da Malikiyya suka yi a kan marar inuwa bai shafe shi ba.

Na san za ka ce niyyarka ado ce. Na gaskata ka, kuma niyyar tana da amfani babba kamar yadda za ka gani, sai dai ba ta mayar da haram halal. Ibn Abbas ya bayyana, kamar yadda ya zo a Bukhari, cewa Wadda da Suwa'a da Yagusa da Ya'uƙa da Nasra, waɗanda aka ambata a Suratu Nuh, sunayen mutanen kirki ne, da suka mutu aka kafa musu alamu a majalisunsu domin tunawa, ba a bauta musu ba sai da waɗancan suka shuɗe kuma ilimi ya gushe. Waɗanda suka kafa su ba su yi nufin shirka ba, na bayansu ne suka faɗa. Kai kana da tauhidinka, amma yaron da ya buɗe ido yana ganin wannan fuska a saman kujerar mahaifinsa kullum, sannan ya kunna fim ɗin Indiya, wanda kowa ya san yadda ya zauna a gidajenmu shekaru da yawa, ya ga ana durƙusa wa irinta, me zai rage a zuciyarsa na ƙyamar abin? Haka nan ba hujja ba ce a ce Hindu da kansu ba sa ɗaukar gunki a matsayin mazaunin abin bautarsu sai an yi masa wani biki na musamman na shigar da rai. Wannan bambanci ne na cikin addininsu, shari'armu kuwa ta rataya hukunci ne a kan siffar da abin da take wakilta. Ayar Suratu Saba'i da ta ce aljanu suna yi wa Annabi Sulaiman mutum-mutumi ita ma ba ta taimaka ba, domin shari'ar waɗanda suka gabace mu ce wadda tamu ta zo da saɓaninta, kuma babu mai cewa gumakan bauta ake yi masa.

Yanzu ga maganar ridda, kuma a nan surukinka ya yi kuskure mai hatsari. Wanda ya sayi irin wannan abu bai san mene ne ba, babu zunubi a kansa har ya sani. Wanda ya sani ya bar shi don ado ya yi saɓo, amma yana nan Musulmi. Wanda ke fita daga Musulunci shi ne wanda ya rataya shi yana ƙudurta cewa zai buɗe masa ƙofar arziki ko ya tsare masa gida, ko ya rusuna masa, ko ya yarda cewa bautarsa daidai ce, kuma ko shi ma yanke masa hukunci aikin alƙali ne bayan bincike da tsayar da hujja, ba aikin baƙon da ya shigo falo ba. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Waƙid Al-Laisi cewa a hanyar Hunaini wasu sababbin shiga Musulunci sun roƙi Annabi (SAW) ya sanya musu bishiyar da za su riƙa rataya makamai domin neman albarka kamar ta mushirikai, ya tsananta musu magana ya karantar da su, amma bai ce sun kafirta ba, bai kuma raba su da matansu ba. A mashahurin zancen Malikiyya ridda tana yanke igiyar aure, saboda haka wanda ya furta wannan kalma a kan mutum ya taɓa addininsa da iyalinsa gaba ɗaya, ga kuma hadisin Bukhari da Muslim cewa wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, ɗayansu zai koma da ita. Aurenka yana nan daram, ba ka buƙatar sabon ɗauri. Ka gode masa a kan faɗakarwar, ka kuma nuna masa wannan amsa cikin ladabi, domin yayan matarka ne.

Sallolin da kuka yi a falon sun inganta, babu ramuwa. Salla a wurin da ke da surori makaruhi ce, musamman idan suna wajen alƙibla, kuma an ruwaito cewa Ibn Abbas yana salla a majami'a sai dai wadda ke da mutum-mutumi, amma karhanci ba ya ɓata salla.

Game da sayarwa, Jabir ya ji Annabi (SAW) a Makka shekarar da aka buɗe ta, wato shekara ta 8 bayan hijira, yana cewa Allah da Manzonsa sun haramta cinikin giya da mushe da alade da gumaka. Don haka ba za ka sayar da alluna biyun a yadda suke ba, ga Musulmi ko ga wanda ba Musulmi ba, ba kuma za ka kyautar da su ga wanda zai rataya ko ya bauta musu ba. Da kana kusa da mai kantin, da sai in ce ka mayar masa ka karɓi kuɗinka, domin wannan warware ɓataccen ciniki ne, to amma tsakaninka da Chennai akwai teku. Abin da ya rage shi ne abin da Mala'ika Jibrilu ya umarta a hadisin Abu Huraira da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, cewa a yanke kan mutum-mutumin da ke gidan ya koma kamar siffar bishiya. Sai dai a nan cire kai kaɗai bai isa ba idan har wanda ya san su zai gane su ta hannuwa huɗun ko abubuwan da suke riƙe da su. Ka kai wa kafinta ko masassaƙi ya kankare siffar gaba ɗaya, katakon da ya rage da zanen furannin gefe halal ne, ka yi amfani da shi ko ka sayar, kamar yadda Nana A'isha ta yanka wani labulenta mai surori ta mayar da shi matasai. Jan layi a wuya ko lulluɓe allon da ƙyalle ba ya wadatarwa.

Ka yi wannan a cikin gidanka ba tare da hayaniya ba. Kada ka ɗauki bidiyo kana farfasawa ka saka a Facebook ko TikTok, domin Allah ya hana zagin abin da waɗansu ke kira koma bayansa a Suratul An'am, aya ta 108, don kada su rama da zagin Allah, kuma a Indiya akwai Musulmi masu ɗimbin yawa da irin wannan bidiyo zai iya jawo wa fitina. Hukuncin nan a kan dukiyarka ne da bangonka. Bai ba kowa izinin taɓa kayan maƙwabcinsa mabiyin addinin Hindu ko wurin ibadarsa ba, bai kuma hana ka mutunta likitocin da suka yi jinyar mahaifiyarka ko karɓar kyautarsu ta halal ba, domin Annabi (SAW) ya karɓi kyautar Muƙauƙis sarkin Masar. Idan wani daga cikinsu ya miƙo maka irin wannan allo wata rana, ka yi godiya ka ba shi uzuri da tattausan harshe.

Allo na uku ya fi sauƙi, tunda ba abin bauta ba ne. Furannin babu laifi a kansu, domin Ibn Abbas ya ce wa mai sana'ar zane da ya zo masa, idan ba makawa sai ya yi to ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Ɗawisun kuwa, idan zane ne marar tudu to makaruhi ne a Malikiyya, idan ya fito da jiki to abin da nake gani shi ne a shafe kansa a bar sauran, ko da yake mai cewa rabin jiki ne manne da allo, ba cikakkiyar sura ba, yana da abin kamawa a mazhaba, kuma ba zan tsananta wa wanda ya bi shi ba. In kuma har yanzu aikin katakon Indiya yana burge ka, masassaƙan Saharanpur, waɗanda da yawansu Musulmi ne, sun shahara da zanen ganye da raga, haka ma na Kashmir masu aiki da katakon bishiyar walnut, kuma duk wannan ya halatta ka saya ka rataya.

Wallahu a'alam.