Likita, Na Tsinci Ledar Giya a Jakar Ɗana

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina zazzage jakar makarantar ɗana mai shekara 15 sai ga wasu 'yan ledoji uku, biyu an yage bakinsu. Da na sunsuna, wari kamar na sifirit. Ya ce maganin basir ne wani mai kiyos ke sayarwa. Yaya zan yi? (Wata uwa, Kaduna)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Juya ledar ki karanta ƙananan rubutun da ke baya. Irin waɗannan ledoji, ko da an kira su maganin basir ko na dattin ciki, da yawansu barasa ce mai ƙarfi, wasu har kashi 40 cikin 100, alhali giyar kwalba ba ta cika wuce kashi 5 ba. Ga arha, ga ta shige aljihun wando, shi ya sa ta fi kama yara. A kan haka ne hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta cimma yarjejeniya da masu masana'antu a 2018 cewa za a daina ƙulla barasa a leda da ƙananan kwalabe 'yan ƙasa da mililita 200, aka ba su shekara biyar, sannan a farkon 2024 ta sanar da haramcin. An yi ta ja-in-ja da 'yan kasuwa, amma alamar 18+ da ke jikin kayan ba ado ba ce. Mai kiyos ɗin ya san yaro ne ya miƙo masa kuɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwaƙwalwa. Ɓangarenta na gaba, mai taka wa mutum birki kafin ya yi wauta, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Yaron da ya fara sha da wuri ya fi saurin kamuwa da jaraba. Kada ki fara da bulala, Hajiya, domin duka zai koya masa ɓoyewa ne kawai. Ki zauna da shi ke da mahaifinsa, ku ji tun yaushe, da wa yake sha, ko yana haɗawa da tiramol ko kodin. Idan ya zama kullum ne, ku kai shi asibiti. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da ke Kaduna, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Mai kiyos kuwa, mai unguwa ya ji labarinsa.

Tambaya: Surukata kan ɗiga wa jikanta ɗan burkutu idan yana rigimar haƙori, wai don ya yi barci. (Wata matar aure, Jos)

Amsa: 'Yar'uwa, wannan barcin ba na lafiya ba ne. Hantar jariri ba ta ajiye sukari da yawa, barasa kuma tana hana ta haɗa sabo. Sai sukarin jini ya faɗi, yaro ya yi laushi, ya jiƙe da gumi, wani ma ya fara jijjiga. Na san gaya wa suruka gaskiya sai da dabara, to ki ɗora laifin a kaina, ki ce likita ne ya hana. Ki wanke hannu ki murza masa dasashi da yatsa, ko ki ba shi tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi ya ciza.

Tambaya: Ɗana mai shekara 19 zai tafi karatu Amurka. Gaskiya ne dokar can ta fi tamu tsanani? (Wani uba, Abuja)

Amsa: Gaskiya ne, Alhaji. Tun bayan dokar 1984, shekarun sayen giya a can 21 ne. Wanda ya sayo wa wanda bai kai haka ba ma kotu ce makomarsa. Ka ja masa kunne ko da ba ya sha, kada abokai su mai da ɗakinsa mashaya.

Tambaya: Ƙanina ya dawo a buge ya faɗi yana amai. Muka kwara masa ruwan sanyi muka ɗura masa manja. Mun yi daidai? (Wani matashi, Sabon Gari, Kano)

Amsa: Allah Ya kiyaye, amma kun yi ganganci. Ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa abu na iya sa ya shige huhu, ruwan sanyi kuma yana ƙara sandarar da jiki. Ku kwantar da shi a gefe ɗaya, kai ya ɗan karkata ƙasa don amai ya fita, wani ya zauna kusa da shi. Idan numfashinsa ya yi ƙasa da sau 8 a minti ɗaya, ko leɓɓansa sun canja launi, ko an girgiza shi bai farka ba, a tafi asibiti nan take, kada tsoron Hisba ko surutun unguwa ya tsayar da ku. In ogogoro ya sha kuma ya ce yana gani dishi-dishi, ku gaya wa likita tun daga bakin ƙofa. Gubar metanol ke nan, sinadarin da kan gurɓata irin wannan giya, irin wadda ta kashe mutane a jihohin Ondo da Ribas a 2015, tana kuma iya makantarwa. Ku tafi da ragowar abin da ya sha.