Shayin da ya shekara 15: ya lalace ne, ko haka ake shan sa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zuwa sarin kaya Guangzhou, kuma a tafiyar da na yi ta ƙarshe mutumin da nake saye a wurinsa ya ba ni kyautar shayi, an matse shi kamar faifai an naɗe da farar takarda. Ya ce shekararsa 15, yana ta nuna min abu ne mai tsada. Da na dawo na ɓantari kaɗan, uwargida ta dafa da citta da sukari yadda muka saba. Wallahi sai ƙamshin ƙasa da na tsohon ɗaki. Ta ce ragowar kayan da suka lalace ya haɗa ni da su. Gaskiyarta ne? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. A ba uwargida haƙuri, mutuminka bai raina ka ba. Abin da ya ba ka sunansa Pu'er, shayin lardin Yunnan da ke kudu maso yammacin ƙasar Sin, kuma da gangan ake ajiye shi ya tsufa. Turawa kan kwatanta shi da tsohuwar giyar inabi da suke ɓoyewa shekara da shekaru, sai dai wannan ganyen shayi ne zalla, ba ya sa maye.

Koren shayin da Buzaye ke dafawa a ƙaramar buta, ana gasa shi da zafi sosai tun a masana'anta, don haka daga ranar sai dai ya yi ta rasa ƙamshi. Shi kuwa Pu'er sama-sama ake soya ganyen a kasko, a murza, a shanya a rana, sannan a turara a matse. Da yake wuta ba ta gama da shi ba, ganyen na ci gaba da sauyawa a hankali da taimakon iska da danshi da wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani. A da a kan dawaki da alfadarai ake kai shi Tibet, tafiyar watanni, matsewar ma don sauƙin ɗauka ne. Ɗora naka a sikeli: in cikakke ne galibi za ka samu wajen giram 357, domin bakwai ake ɗaurewa a ƙunshi guda cikin ɓawon gora, su tashi kusan kilo biyu da rabi.

Iri biyu ne, kuma ya kamata ka san wanne ke hannunka. Akwai ɗanye, wanda suke kira sheng. Sabonsa akwai ɗaci da bauri, har ya kan dami mai ciwon gyambon ciki, sai ya shekara goma ko ashirin kafin ya yi laushi, ruwansa ya tashi daga rawaya ya koma ruwan goro. Akwai kuma nunanne, shou, wanda aka ƙirƙiro a masana'antar Kunming, babban birnin Yunnan, a 1973 don a rage wannan dogon jira. Ana tara ganyen tsibi guda, a yayyafa ruwa, a lulluɓe, a bar shi ya ɗau zafi ana juyawa har wajen wata ɗaya da rabi zuwa biyu. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake rufe kalwa ta zama daddawa ya fahimci aikin. Ruwansa baƙi-baƙi ne da ja a gefen kofi, kuma shi ne mai ƙamshin ƙasa. Daga bayaninka, zatona nunanne aka ba ka.

To ina bambancin tsufa da lalacewa? Hanci ne alƙali. Ƙamshin ƙasa irin na ruwan farko na damina, ko na ruwan sabuwar randa, ko na tsohon katako da busasshen dabino, duk wannan lafiya ne. Amma in ka ji warin tabarmar da ta kwana a jiƙe, ko ƙarnin kifi mai ƙarfi, ko ka ga fumfuna kore ko baƙa a jikin ganyen, ko ruwan ya fito gurɓatacce yana ƙaiƙayi a maƙogwaro, zubar da shi ko nawa aka saye shi.

Laifin da aka yi masa a gidanku shi ne dahuwa da citta. Kada a tafasa shi a tukunya. Sami ƙaramar buta ko kofi mai murfi wanda bai wuce cin rabin kofin shayi ba. Sa tsinin wuƙa ta gefe ka ɓamɓaro ganyen falle-falle, kada ka farfasa shi, kamar giram shida ko bakwai. Zuba tafasasshen ruwa ka tsiyaye nan take ka zubar, wannan wanki ne, in nunanne ne a yi sau biyu. Daga nan kowane zubi daƙiƙa goma kawai, kana ƙara lokaci kaɗan-kaɗan. Wannan ganyen da ka sa zai ba ka zubi goma ko fiye, kuma daɗin yana wurin lura da yadda yake canzawa. Na farko da na biyu warin ma'ajiya ne ke fita, kada ka yanke hukunci a kansu. Daga na uku zuwa na shida ake sanin shayin: ruwan ya yi kauri da santsi a baki kamar an ɗiga romo a ciki. Na ƙarshe-ƙarshe sai zaƙi siriri. Ba sukari, ba madara, kuma kada a sha bayan an ci yaji.

Akwai abin da masu shan sa suka fi nema, suna kiransa huigan, kuma Bahaushe ya riga ya san shi. Ka ci goro, ɗacin ya wuce, ka kora da ruwa sai ka ji ruwan ya yi zaƙi a maƙoshi. Shi ke nan. Haɗiye ka yi shiru na minti ɗaya ka ji ko zaƙin zai dawo, kuma har yaushe zai tsaya. A tsohon ɗanye ya fi bayyana. Ni dai a wurina da wannan ake raba mai kyau da na banza, ba da shekarun da mai shago ya faɗa ba.

Maganar shekaru kuwa, a riƙa taka-tsantsan. Farashin Pu'er ya yi tashin gwauron zabo har ya faɗo warwas a 2007, kuma jabu ya yi yawa, ana jiƙa sabo a naɗe shi da tsohuwar takarda. Duba bayan takardar, galibi akwai ranar da aka yi shi. In ka ga lamba huɗu kamar 7542, ba farashi ba ne: 75 shekarar da aka tsara haɗin, wato 1975, 4 darajar ganye, 2 kuma masana'antar Menghai da ke Yunnan. Har inda ya zauna yana da tasiri. Wanda ya shekara goma a danshin Hong Kong ko Guangzhou ya fi duhu da laushi a kan takwaransa da ya zauna a busasshiyar iskar Kunming.

Ragowar kuma a Kano hunturu ne babban maƙiyinsa, domin yana busar da shi ƙamshin ya mutu. Bar shi a takardarsa, sa a leda mai zif ko tulun ƙasa mai murfi, nesa da rana, ban da firji. Ganyen na zuƙar duk ƙamshin da ke kusa da shi, saboda haka kada a ajiye shi a kicin kusa da daddawa, kada kuma ya shiga ɗakin uwargida inda ake turaren wuta.