Rimot ɗinmu ya mutu, an ce na araha yana ƙona talabijin

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina zaune a Jidda da iyalina. Talabijin ɗinmu LG ce, ta hannu muka saya a Haraj Sawarikh. Rimot ɗinta ya daɗe yana gardama, sai maigidan ya ciro batirin ya ɗan tauna ya mayar, ya ƙara kwana biyu. Yanzu ya ɗauke gaba ɗaya, cikinsa ya yi fari-fari kamar kanwa. Wani mai gyara ya ce idon talabijin ne ya mutu, a kawo riyal 150. Maƙwabciyata ta ce in sayi rimot mai kama kowace talabijin a shagon abu khamsa, wato shagon kayan riyal biyar, amma wasu sun ce irinsa yana ƙona talabijin. Ba mu da halin sayen wata idan wannan ta lalace. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, babu rimot ɗin da ke ƙona talabijin. Babu waya tsakaninsu, babu wutar da ke tafiya daga wannan zuwa wancan. Haske kawai yake ƙyaftawa, wanda idon mutum ba ya gani, talabijin ta karanta. In ta gane yaren ta amsa, in ba ta gane ba ta yi shiru. Iyakar asararki kuɗin rimot ɗin.

Shi kuma mai riyal 150, da me ya gwada kafin ya yanke wa idon talabijin hukunci? Ki sa sabon batir, ki buɗe kamarar wayarki, ki saita bakin rimot ɗin gare ta, ki danna. In yana da rai za ki ga ɗan haske ruwan hoda yana ƙyaftawa a fuskar wayar. Wasu wayoyin, musamman iPhone, kamarar bayansu tana tace wannan hasken, sai ki gwada da ta gaba. In babu haske, laifin rimot ne. Gwajin minti ɗaya ke nan, kuma yana ba ni haushi yadda wasu masu gyara suka san shi sarai amma su tsallake shi don sun ga mace ta zo a ruɗe.

Ga zaɓi. Tunda taki LG ce, ni ba zan fara da mai kama kowace talabijin ba. Akwai na araha da aka yi don kamfani ɗaya, irin na Huayu, an rubuta LG ko Samsung ko Sony a jikin ledar. Shi wannan, batir kawai za ki sa masa, ba saiti. Ki ɗauki hoton takardar da ke manne a bayan talabijin, mai lambar samfuri, ki nuna wa mai shago. Mai kama kowace, kamar su Chunghop, ya fi amfani ga ƙananan kamfanonin da ke sayo kayan ciki daga masana'antu daban-daban su liƙa sunansu, shi ya sa sunan kamfani ɗaya kan zo da lambobin saiti huɗu ko biyar a takardar da ke zuwa da rimot ɗin. In shi kika saya, kada ki tsaya don ya kunna ya kashe. Ki gwada ƙarar murya, da menu, da maɓallin da ke kai ki HDMI inda risiba take. Lamba takan kama rabi ta bar rabi, sai a koma ta gaba. Mai koyo kuwa, wanda ke kwafa daga tsohon rimot, ba naki ba ne, domin malamin da zai koya masa ya mutu. Kuma in tsohon naki Magic Remote ne, mai kibiya a fuska da makirufo, wannan da Bluetooth yake aiki. Na araha zai canza tasha ya ƙara murya, amma babu kibiya, babu magana. Kafin ki samu fita, in akwai mai Redmi a gidan, da yawan wayoyin nan suna da fitila irin ta bakin rimot a samansu, manhajar Mi Remote za ta riƙe ku.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki, kuma ki karanta wa maigida. Taunar batir. Kullum sai an kawo mini rimot na buɗe na ga sawun haƙori a jikin batiri, babba da gemunsa ya sa guba a baki don tsimin riyal biyu. Na san dalilin da ya sa ake yi: in an matse shi, kayan cikin sukan ƙara haɗuwa ya ɗan farfaɗo, mutum ya ga kamar ya yi dabara. Amma gwangwanin nan da aka lotsa shi ne murfin da ya tsare ruwan ciki. A batirin alkalin ruwan nan potassium hydroxide ne, ɗan'uwan sodar da ake haɗa sabulu da ita, yana ƙona leɓe da harshe, in ya shiga ido kuma sai dai addu'a. Farin da kika gani shi ne ya tsiyayo ya bushe, ya cinye ƙarafunan da batir ke taɓawa. Wato ba tsufa ya kashe rimot ɗinku ba, haƙori ne. Haka masu shanya batir a rana, a wannan zafin na Jidda, da masu haɗa sabo da tsoho. Sabon yana tursasa wa tsohon har ya yi yoyo. Kin sayi sabon rimot, an ci gaba da wannan ɗabi'a, wata shida za ki sake rubuto mini.

Yara kuma suna kallo. Yaron da ya ga babansa ya sa batir a baki ya koyi cewa abin sa wa a baki ne. Ƙananan rimot na risiba da na fitilun ado suna amfani da batir mai kamar kwabo, CR2025 ko CR2032. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, cikin awa 2 yana iya ƙona wurin mummunar ƙuna, ko da batirin ya yi sanyin da ba ya iya kunna rimot. Ba a jira ya fita a kashi, ba a sa shi amai, ba a tsaya neman madara ko manja. Asibiti kai tsaye, ko a kira motar asibiti a 997. Na san wasu 'yan'uwanmu na jan ƙafa wajen zuwa asibiti saboda matsalar iƙama, wato takardar izinin zama, to wannan ba lamarin jan ƙafa ba ne. Saboda haka in za ki zaɓa, ɗauki mai batir AAA wanda murfinsa ke kamawa sosai, in ya yi sako-sako ki naɗe shi da salatif.

Tsohon ma kada ki yar da shi tukuna. Ki ɗaura leda a hannu, ki cire batiran, ki jiƙa auduga da khal, wato binega, ko ruwan lemon tsami ki goge farin, zai ɗan yi kumfa. Ki kankare ƙarfen da bakin cokali har ya yi haske, ki bar shi ya bushe kwana ɗaya, sannan ki sa sababbin batir guda biyu iri ɗaya ki gwada da kamara. In zaren ƙarfen bai riga ya karye ba, da wuya bai tashi ba.